Kowa ya zama malamin maciji a intanet: yadda zaka tace shawara kan kiwon mesa mai dunƙulewa

Daren da na fara kawo 'yar mesa gida, wannan da Turawa ke ce wa ball python saboda in ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya, ban runtsa ba sai wajen ƙarfe uku. Ba tsoronta ne ya hana ni barci ba, ai ita bata da dafi kuma ko kallo ban ishe ta ba, waya ce ta hana ni. Na buɗe nan an ce danshin kejin ya tsaya kashi 50, na buɗe can wani yana rantsuwa wai kashi 50 cutar da ita zaka yi ka kai shi 70, wani yace ƙaramin akwatin roba ya ishe ta har ta mutu, wani yace mai yin haka azzalumi ne, kuma abin haushin kowannensu yana magana da ƙarfin gwiwa kamar shi ya ƙyanƙyashe ta. To wa zaka bi?

Abinda na koya bayan na sha wuya shine ba sai ka zama likita ba kafin ka iya tace magana, akwai 'yan tambayoyi da in ka yi wa kowace shawara, rabin shirmen da kansa zai zube.

Fara da sunan da kake bincike da shi. In ka rubuta ball python kawai, masu talla da masu neman mabiya ne zasu fara tare ka. A Ingila da sauran Turai royal python suke cewa, sunanta na kimiyya kuma Python regius, kuma wallahi da ka rubuta wannan na ƙarshen sai kaga duniyar ta canja, rubutun likitocin dabbobi da na masu bincike ya fara fitowa. Ƙaramar dabara ce amma ta rage min wahala sosai.

Sannan kafin ka yarda da kowa ka san inda dabbar ta fito, don shine ma'aunin da zaka riƙa ɗora duk wata magana a kai. Ita 'yar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ce, daga Senegal har zuwa Sudan ta Kudu da Uganda, kuma yawancin waɗanda aka fitar zuwa Amurka da Turai daga Ghana da Togo da Benin suka tafi, cinikinta tsakanin ƙasashe kuma yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar da ke sa ido kan cinikin namun daji. Da rana tana kwance a ramin ɓera ko cikin suri, wurin da yake da duhu da laima kuma zafinsa baya hawa da sauka kamar na waje, sai magariba ta yi take fitowa. Kaga in ka riƙe wannan, duk wanda yace maka ka zuba mata rairayi busasshe wai ai macijin Afirka ce ta saba da hamada, ka san bai san me yake faɗa ba. Haka wanda yace ka bar kejin fayau ba maɓoya don ka riƙa ganinta, dabbar da ta saba kwana a rami jikinta na taɓa bango ta ko'ina, a fili fayau tsoro ne zai cinye ta, ta daina cin abinci, kai kuma ka dawo kana tambayar me ya same ta. Maɓoya biyu ne mafi ƙaranci, ɗaya ɓangaren ɗumi ɗaya ɓangaren sanyi, kuma matsattsu masu ƙofa ɗaya.

Akwai maganar da zaka ji har ka gaji, wai ita dutse ce mai numfashi, bata hawa komai bata zuwa ko'ina. A 1998 wasu masu bincike biyu, Luiselli da Angelici, sun fitar da nazari kan waɗannan macizan a dazukan kudu maso gabashin Najeriya, suka gano mazan sun fi cin tsuntsaye, matan kuma sun fi cin irin su ɓeraye. To tsuntsu dai ba a rami ake kamo shi ba. Ni kaina da na sa mata reshe mai kauri, ban yi kwana uku ba na fito da dare na haska ta a can sama ta miƙa wuya kamar mai leƙen katanga.

Tambaya ta gaba, yaushe aka rubuta? Wannan ita ce mutane suka fi mantawa. Takardun kula da maciji da yawa da ke yawo kwafin kwafi ne, wani ya rubuta shekaru ashirin ko talatin baya, wani ya ɗauka ya canja hoto, wani ya mayar da shi bidiyo, har manhajojin nan masu amsa tambaya su ma a wurin suka haddace, sai su karanto maka tsohon zance da sabuwar murya. Zaka gane tsohon rubutu da wasu alamu: zai ce tankin galan 20 ko 40 ya ishi babba, zai tsayar da danshi a kashi 50, wani ma har dutsen nan mai ɗumi da ake jona wa wuta zai ce ka saya. Wannan dutsen ya ƙona cikin macizai ba adadi, don maciji yakan kwanta kan abu mai zafi bai janye jiki ba har fatar ta soye. Masu kiwo da ke bin ilimin yanzu suna cewa babba ta samu keji aƙalla ƙafa 4 a tsayi, 2 a faɗi, 2 a sama, wato kusan santimita 120 da 60 da 60, ta samu inda zata miƙe, tunda mace takan kai mita ɗaya da 'yan kai har zuwa ɗaya da rabi. Danshi kuma daga kashi 60 zuwa sama, a ƙara lokacin saɓa. Kuma cutar numfashin nan da ƙwayar nidovirus ke jawowa sai 2014 aka bayyana ta a jikin irin wannan mesar, kaga duk littafin da ya girmi wannan shekarar komai kyansa ba zaka ga sunanta a ciki ba. In rubutu ba kwanan wata ba sunan marubuci, ni dai bana ɗora ran dabba a kansa.

Sai kuma, mai maganar me zai ci a ciki? Ba zagi bane, mai kaya baya kushe kayansa. Mai kiwon sayarwa da ke da macizai ɗari biyu yana ajiye su cikin akwatunan roba jere a kanta kamar durowa, kuma tsakani da Allah irin waɗannan mutanen sun san abubuwa da yawa, sun san ƙwai, sun san yadda ake sa jariri ya karɓi ɓeransa na farko, sun ga cututtukan da kai baka taɓa gani ba. In maganar ciyarwa ce ko ƙyanƙyasa ka kasa kunne. Amma in ya ce maka akwatin durowa shi yafi mata, ka tuna shi ɗari biyu yake lissafi da kuɗin wuta da wurin ajiya, kai guda ɗaya gare ka. A 2021 masu bincike a Jamus sun fitar da nazari a mujallar PLOS ONE inda suka gwada macizan a akwatin durowa sannan a babban keji mai kayan hawa da maɓoya, suka ga a babban kejin sun fi nuna halayensu iri-iri, a akwatin kuma sun fi yin abubuwan da ke nuna takura kamar tura baki jikin bango. Ba wai a akwati zata mutu bane, tana ci tana haihuwa ma, amma rai da lafiya daban, jin daɗi daban.

Haka zancen launi. Akwai ɗaruruwan launuka da aka fitar ta hanyar haɗa iri, wasu kyau kamar an zana, amma wanda ake kira spider yana zuwa da larurar da ke sa kai rawa, wata ta riƙa murɗa wuya tana kifewa, in ta kai sara ga abinci ta kuskure. Mai sayarwa zai ce maka ai ɗan abu ne baya damunta. Ƙungiyar masu kiwon dabbobi masu jan ciki ta Ingila, International Herpetological Society, dai ta hana sayar da shi a tarukanta tun 2018. In mutum yana tallan wannan launin bai ko ambaci larurar ba, to sauran maganarsa ma ka sa mata ayar tambaya.

Yanzu bari in zo kan lambobi, don anan ne na ga mutane sun fi faɗawa rami. Ba'amurke in yace 90 da Faranhait yake magana, wato kusan digiri 32 a ma'aunin Salshiyos, 80 ɗinsa kuma kusan 27 ne. Abinda amintattun wurare suka haɗu a kai shine ɓangaren ɗumi wajen 31 zuwa 33, ɓangaren sanyi wajen 24 zuwa 27, ita zata riƙa kai da komo tsakaninsu tana daidaita jikinta tunda jikinta baya samar da zafi kamar namu. Amma lamba kaɗai bata isa ba, ka tambaya: zafin iska ne ko zafin ƙasan da take kwanciya, kuma da me aka auna? Mai shawarar kirki zai faɗa maka ba sai ka tambaya ba, kuma ba zai taɓa ce maka ka jona fitilar zafi ko shimfiɗar zafi kai tsaye a soket ba tare da tamostat ba, wato na'urar da ke yanke wuta in zafin ya kai inda ka saita. Duk wanda ya tsallake maganar tamostat, rufe shafin kawai. Wani abin kuma, yawancin masu rubutun nan a ƙasashen sanyi suke, duk tunaninsu yadda za a ɗumama keji ne. In kai inda kake ɗakinka da kansa yana haura 33 da rana, matsalarka akasin tasu ce, neman inda zata samu sanyi zaka yi, don zafin da ya wuce 35 ba wurin gudu haɗari ne gare ta. Sai ka karanta ka juya maganar ta dace da ɗakinka, kada ka haɗiye ta ɗanya.

Ni abinda ya koya min hankali saɓa ne. Wata huɗu da zuwanta idanunta suka yi fari-fari kamar an zuba musu madara, jikin ya dushe, na san saɓa ya zo, bayan 'yan kwanaki idon ya washe, ina jira in ga ta zare rigar gaba ɗaya kamar safa. Sai na wayi gari na tarar da ɓarɓashi ko'ina, guntu nan guntu can, wani ya manne a wuya, wani ya ɗaure ƙarshen wutsiya kamar zobe. Na kalli ɗan agogon danshin da wanda ya sayar min ya haɗo min da shi, mai allura ɗin nan da ake mannawa a gilashi, yana nuna 70 cif. Na sa hoto a wani guruf, cikin minti goma amsa ta fi ashirin, wani yace in shafa mata mai, wani yace in jiƙa ta awa guda a ruwa, wani kuma, Allah ya shirye shi, yace in manna salatif a idonta in fizgo fatar da ta maƙale. Allah ya taimake ni hannuna ya yi sanyi ban yi ba. Na samo ma'aunin danshi na dijital na ajiye gefen wancan, ya nuna min arba'in da 'yan kai, ashe mai allurar ƙarya yake ta shirga min wata huɗu. Likitar dabbobin da na kai wa ta duba idon tace ba wata fata da ta maƙale, bushewa ce ta sa ya lotsa, da na fizga da idon zan ɓata. Abinda tace in yi ba wani tashin hankali, in ƙara kaurin shimfiɗar ɓawon kwakwa in riƙa zuba ruwa a kusurwoyi saman ya zauna a bushe, in rufe yawancin ragar saman kejin, in sa mata maɓoya mai damshin gansakuka, zoben wutsiyar kuma ita ta cire da kanta a hankali. Saɓan da ya biyo baya ya fita guda ɗaya har da murfin idanu biyu. Tun daga ranar na zama wanda maciji ya sara, ko tsumma na gani a guruf sai na ja baya.

Darasin da ke ciki, ka lura da masu saurin amsa. Wanda ya sani in ka ce macijina ya ƙi cin abinci ba zai jefo maka magani ba, tambaya zai jero maka: zafin nawa, danshin nawa, da me ka auna, nauyinta nawa, yaushe ta zo, maɓoya nawa, kana yawan ɗaukarta, turo hoton kejin gaba ɗaya. Wanda ya baka amsa bai tambaye ka komai ba, labarin macijinsa yake baka ba naka ba.

Kuma tunda na taɓo ƙin cin abinci, shine babban abinda ke tura mutane neman shawara a gigice, kuma a gigice ne ake karɓar kowane shirme. Wannan mesar ta yi suna wajen azumi, babba, musamman namiji lokacin barbara, zai iya wata biyu uku har fiye bai ci ba kuma lafiyarsa ƙalau. Abinda zai raba maka azumi da ciwo sikeli ne. Ka samu ɗan sikelin kicin mai nuna giram, ka riƙa aunawa kana rubutawa, in nauyin yana nan daram ka gyara keji ka rage taɓa ta ka jira mako ɗaya ko biyu ka sake miƙawa, in kuma ya zube kusan kashi 10 ko ƙashin baya ya fara fitowa, ko jaririya ce, to likita. Kada ka bari wani ya zuga ka ka ɗura mata abinci da ƙarfi, ko ka jefa mata ɓera mai rai ka tafi ka kwanta, ɓera yana cin maciji da ransa in macijin bai da niyyar ci, hotunan suna nan ba kyan gani. Daskararren ɓera da aka narkar aka ɗumama aka miƙa da dogon hantsaki shi yafi kwanciyar hankali. Ƙanana duk kwana 5 zuwa 7, manya duk mako biyu zuwa huɗu, kaurin abincin kada ya wuce inda tafi kauri a jiki, bayan ta ci a bar ta kwana biyu ba taɓawa. In kaga wani yana alfahari tashi ta yi girma cikin wata shida saboda yana ɗirka mata abinci, ƙiba yake nuna maka, dabbar da ke iya shekara 20 zuwa 30 ina saurin me? A gidan zu na St. Louis a Amurka ma akwai wadda aka ƙiyasta tana da shekara 62 ta yi ƙwai a 2020.

To ina zaka je kenan? Ni inda nake fara dubawa shine rubutun likitoci. MSD Veterinary Manual yana nan kyauta a intanet da sashen dabbobi masu jan ciki, ƙungiyar kare dabbobi ta Ingila, RSPCA, tana da takardar kula da royal python, ƙungiyar likitocin irin waɗannan dabbobin kuma, ARAV, tana da wurin neman likita. Su ma ba wahayi bane, zaka ga lambobinsu sun ɗan saɓa da juna, amma saɓanin digiri ɗaya ko biyu ne, ba na sama da ƙasa ba. Ka haɗa wurare uku waɗanda ba kwafin juna suka yi ba, inda suka haɗu ka riƙe, inda suka rabu kamar zancen fitilar UVB mai kwaikwayon wani ɓangare na hasken rana, wadda wasu ke cewa ba dole bace wasu ke cewa tana da amfani in haskenta bai da ƙarfi kuma da inuwar gudu, sai ka karanta dalilin kowa. YouTube da TikTok suna da amfani wajen ganin yadda ake abu da ido, yadda ake ɗaukarta, yadda ake jera keji, amma yawan mabiya ba shaidar ilimi bane, shaidar iya ɗaukar bidiyo ne.

Likita kuma ka neme shi tun tana lafiya, don ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da maciji ba, wani karnuka da shanu ya sani kuma mai gaskiya zai faɗa maka. Ka tambaye shi kai tsaye ko yana duba macizai, in baya yi wa ya sani. Akwai abubuwan da ba a kai su guruf ko kaɗan: numfashi da baki buɗe, fito ko ƙara in tana shaƙar iska, kumfa ko majina a baki, ciki ya yi ja ko ƙuraje ko alamar ƙuna, amai fiye da sau ɗaya, ɗaga kai sama ta sandare ko ta kasa juyowa in ta kife. Waɗannan ba hoto ake ɗauka ana jiran ra'ayin jama'a ba. 'Yan kwarin nan baƙaƙe masu kama da ƙananan kaska da ke maƙalewa gefen ido da ƙarƙashin haɓa, waɗanda zaka fara ganin gawarsu a kwanon ruwa, su ma kada ka fesa mata maganin kwarin gida don wani yace shi haka ya yi, maganin da ke kashe kwaro yana iya kashe maciji. In ka ƙaro wata sabuwa, ɗaki daban da kayan aiki daban na wata biyu zuwa uku kafin ta kusanci ta gida. Kuma ka wanke hannu da sabulu duk ka taɓa ta ko kejinta saboda ƙwayar salmonela, balle in da yara ƙanana a gidan.

Na ƙarshe, ɗan littafi. Gani ya kori ji, kuma bayan wata shida littafin nan zai fi duk wani baƙo a intanet sanin macijinka. Nawa ba wani tsari gare shi ba, kwanan wata, nauyi, ta ci ko ta ƙi, giram nawa ɓeran, ta yi kashi, ido ya yi fari, saɓa ya fita guda ko a yage, zafi da danshin safe da na dare. In ka canja abu saboda wata shawara, abu ɗaya zaka canja ka rubuta ranar ka bashi mako biyu, in ka canja shimfiɗa da fitila da abinci rana ɗaya ba zaka taɓa sanin wanne ya gyara wanne ya ɓata ba. Ranar da na koma wurin likitar nan karo na biyu, littafin na fara miƙa mata kafin in kwance jakar, ta yi ta buɗa shafuka tana gyaɗa kai, sai ta sa yatsa kan wani layi na watan baya tace to wannan satin da danshi ya faɗi, me ya faru? Na tuna satin ne na yi tafiya na bar wa ƙanena, shi kuma ko kusa da kejin baya yarda ya je, daga bakin ƙofa yake leƙawa ya turo min saƙo wai tana nan lafiya.